Yadda ake kula da tsohuwar akori-kura mai jan taya huɗu har ta zama motar hawan kullum

Tsohuwar akori-kura mai jan taya huɗu tana iya kai mutum wurin aiki kullum ta dawo da shi lafiya, shekara da shekaru, amma da sharaɗin mai ita ya san halin da ƙarƙashinta yake ciki. Yawancin waɗanda irin wannan mota ta wahalar, inji kaɗai suka sa wa ido. Suna juyen baƙin mai a kan lokaci, suna wanke bodi yana ƙyalli, amma aksul biyu, da farfela biyu, da hob na gaba, da ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, wato tiransifa, ba wanda ya leƙa su tun ranar da aka sayi motar. Su ne kuwa suka bambanta ta da ƙaramar mota, kuma su ne aka fi mantawa da su har sai sun tsayar da mutum a hanya.

Ko Hilux ce, ko Land Cruiser, ko Patrol, ko L200, ko F-150, tsarin aikin ɗaya ne. Ka nemi littafin motarka, ko na takarda ko a intanet, domin duk adadin da zan kawo a nan na gama-gari ne. Inda littafin ya faɗi wani abu dabam, shi za ka bi.

Fara da shasi

Kafin ka kashe kuɗi a kan inji ko fenti, ka tabbatar shasi, wato dogayen ƙarafan ƙasa da inji da bodi ke zaune a kai, yana da rai. Inji ana sauke shi a ɗora wani, giyabos ana buɗe shi a gyara, amma shasin da tsatsa ta cinye, duk abin da ka ɗora a kansa asara ce.

Ka tsayar da motar a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyi gaba da baya. Idan za ka ɗaga ta, jak aikinsa ɗagawa ne kawai. Sai ka sa matokaran ƙarfe a ƙarƙashin shasi, ka girgiza motar ka ga ta zauna daram, sannan ka shiga. Kuma ka riƙe wannan: in tiransifa tana kan N, wato a sake, ko ka kwance farfelar baya, motar tana iya gangarawa ko da ka bar ta a cikin giya.

Ka wanke ƙarƙashin da ruwa mai ƙarfi, ka bari ya bushe, ka shiga da tocila da ƙaramar guduma. Ka bi dogayen ƙarafan nan biyu tun daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda ya ruɓe ta ciki, ƙarar a mace za ka ji ta, ɓawon tsatsa yana zubo maka a hannu, wani wurin ma in ka danna bakin sukudireba sai ya shige. Ka fi daɗewa a inda sifirin na baya ke rataye, da gefen tankin mai inda laka ke maƙalewa, da inda akwatin sitiyari ya ɗauru da shasi, da mazaunan bodi. Jar tsatsa ta sama-sama ba komai ba ce, a goge ta da buroshin waya a shafa fenti mai hana tsatsa. Rami ko tsaga kusa da sifirin ko sitiyari kuwa, motar ba ta hawan kullum ba ce sai ƙwararren mai walda ya gani ya yanke hukunci.

Kada sunan kamfani ya sa ka tsallake wannan duba. A 2008 Toyota da kanta ta riƙa sayen wasu Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 daga hannun masu su a Amurka saboda tsatsar shasi. Gishiri da danshi da lakar da ta kwana a cikin ƙarfe ba ruwansu da wanda ya ƙera mota.

Juye duk wani ruwa da ke jikinta

In shasi ya tsallake, mataki na biyu shi ne ka ɗauka ba a taɓa yi wa motar komai ba, sai abin da ka gani a rubuce da rasidi. Ka canza duk man da ke cikinta a lokaci guda, ka sami littafin rubutu ka sa kwanan wata da kilomita. Daga ranar ne tarihin motar ya fara a hannunka.

Baƙin mai da filtarsa su ne na farko. Ga tsohon injin dizal, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, shi ne tazarar da na fi yarda da ita, musamman in motar tana shan ƙura ko gajerun tafiye-tafiye. Kauri kuma, wanda littafin ya rubuta. Zuba mai mai kauri sosai don a rufe ƙarar inji ɓoye ciwo ne, kuma da safe man yana jinkirin kaiwa saman inji.

Sai man giya, wanda yake wuri huɗu: giyabos, tiransifa, aksul na gaba, aksul na baya. Yawanci kowane yana da noti biyu, na zubawa a gefe da na juyewa a ƙasa. Ka fara kwance na zubawa tukun. In ka riga ka juye mai sannan ka tarar na saman ya cije, ka zauna da motar da ba ta da mai kuma ba hanyar zuba mata. Ka yi juyen bayan 'yar tafiya, lokacin da man yake da ɗumi.

Yayin da yake zuba, ka kalle shi da kyau, don shi ne zai ba ka labarin abin da ke ciki. Mai duhu mai wari mai ƙarfi tsufa ne kawai. Wanda ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa ya shiga. Sannan ka juya notin ƙasan ka duba bakinsa, akwai maganaɗisu a jiki. In ka shafa da yatsa ka ji toka-tokar laushi mai santsi, wannan cin ƙarfe ne na yau da kullum. In ka ji tsini-tsini, ko ka ga gutsuren ƙarfe mai ƙyalli da za ka iya ɗauka da farce, haƙori ko boris ya fara karyewa, kuma gara a buɗe yanzu. Ka goge notin, ka sa sabuwar washa, ka zuba mai har ya fara lekowa ta ramin gefe.

Aksul yana son man giya mai lambar GL-5, yawanci 80W-90 ko 75W-90. Tsofaffin giyabos da yawa GL-4 suke so, saboda zobban tagulla da ke daidaita shigar giya, shi ya sa ba a zuba mai ɗaya ko'ina don sauƙi. In aksul na baya mai LSD ne, wato mai rage zamewar taya ɗaya, yana da nasa man, in ba haka ba zai riƙa kakkarwa a kwana. Wasu tiransifa kuma man giyar otomatik suke sha. Bayan wannan juyen, kilomita 40,000 tazara ce mai kyau.

A saman kowane aksul akwai 'yar hular numfashi. Ka juya ta da yatsa ka ga tana motsi. In ta toshe, iska mai zafi ba ta da mafita, sai ta tura mai ta sil, ka yi ta canza sil yana sake yoyo. Kuma duk ranar da ka ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, ka duba man aksul a cikin kwana ɗaya ko biyu. Aksul mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa ta zuƙo ruwa.

Man birki yana shan danshi daga iska, ya rage jure zafi, ya kuma ci bututu ta ciki. A canza shi duk shekara biyu, DOT 3 ko DOT 4 yadda aka rubuta a murfin. Na kuloci ma haka.

Zafi

A kan wannan nake so ka fi kashe kuɗi ba tare da jin zafin aljihu ba. Tsohon inji yana yafe abubuwa da yawa, amma tafasa ɗaya mai tsanani tana iya ƙona gaskit ko ta tsaga kan inji. Injin 1KZ-TE mai lita 3.0, alal misali, an san shi da tsagewar kai in ya yi zafi, alhali inji ne mai ƙarko in ana kula da sanyinsa.

Da inji a sanyaye, ka matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya yi taushi ya kumbura, ko ya bushe ya yi tauri yana ƙara, lokacinsa ya yi. Har da ƙananan da ke bayan inji, waɗanda ido ba ya kaiwa. Ka canza murfin lagireto, domin shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri, kuma yana cikin mafi arahar kayan motar. Ka haska tocila ta bayan lagireto ka ga ko haske yana ratsawa, in laka da ciyawa sun cika shi a wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. In saman lagireton roba ne kuma baƙinsa ya koma ruwan ƙasa, ya kusa fashewa.

Fankar da inji ke juyawa tana da ƙaramin kuloci mai man siliki a tsakiya. In ya mutu, motar tana lafiya a kan buɗaɗɗiyar hanya, amma da ka shiga cunkoso ko ka fara hawan tudu da kaya, sai allura ta fara hawa. Ka kashe inji yana da zafi, ka tura fankar da hannu: in ta yi ta juyawa sakaka ba turjiya, a canza.

Abu biyu nake roƙonka ka bari. Kada ka cire tamostat. Shi ke sa inji ya kai zafin aikinsa da sauri ya tsaya a nan, in babu shi inji yana daɗewa a sanyaye, ya sha mai, ya ci silinda. In ya lalace, sabo za a sa. Kuma kada ka zuba tsurar ruwa a lagireto. Ruwan sanyaya inji yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma yana ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. A gauraya yadda aka rubuta a jarka, a canza duk shekara biyu in irin na da ne. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi inji na da zafi, ko da tsumma.

Taimin da sauran kayan inji

Ka san ko injinka bel yake amfani da shi ko sarƙa ko haƙoran giya. Injinan dizal na Toyota irin su 2L da 3L da 5L da 1HZ bel ne, kuma a tsofaffinsu kilomita 100,000 ne wa'adi, har da fitila a dashbod mai rubutun T-BELT. In bel ya tsinke inji na tafiya, fistin zai daki bawul. Saboda haka in ba ka da shaidar ranar da aka canza shi, ka canza, tare da abin da ke ɗaure shi. Injin fetur na 22R sarƙa ne, amma robobin da ke riƙe sarƙar suna karyewa, sai ka ji kwaramniya a gaban inji da safe. In aka ƙyale, sarƙar tana cin murfin har ruwa ya haɗu da baƙin mai. TD42 na Nissan haƙoran giya ne, wannan damuwar ba ta shafe shi ba.

A motar dizal, filtar mai tana da wurin tara ruwa a ƙasa. Ka sassauta shi ka tsiyaye ruwan lokaci zuwa lokaci, don ruwa shi ne babban maƙiyin famfon injekta da nozul. Bayan canza filta, ka danna ƙaramin famfon hannu da ke samanta har ya yi tauri kafin ka tayar. Filtar iska a duba ta a kowane juye. Hayaƙi ma yana magana: baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, sai a fara da filtar iska da nozul. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da bai tsaya ba bayan inji ya yi zafi, tare da raguwar ruwan lagireto, gaskit ake tuhuma.

Yadda ake amfani da jan taya huɗu ba tare da karya shi ba

Nan ne masu hawan kullum suka fi yi wa motarsu illa da hannunsu. Ka fara sanin irin naka. Yawancin tsofaffin akori-kura na wucin gadi ne, liba tana nuna 2H (jan baya kawai), 4H (jan huɗu), N, da 4L (jan huɗu mai ƙaramar giya). A irin wannan, da ka sa 4H, farfelar gaba da ta baya sun ɗaure suna juyawa daidai wa daida. To a kwana, tayoyin gaba suna cin hanya mafi tsawo fiye da na baya. A kan yashi ko laka ko tsakuwa, taya tana ɗan zamewa ta sauke bambancin. A kan busasshiyar kwalta ba inda za ta zame, sai ƙarfin ya taru a cikin farfela da tiransifa. Alamarsa sitiyari ya yi nauyi, mota tana tsalle a kwana, liba ta ƙi fita. Ci gaba a haka shi ke karya kuros ɗin farfela ko sarƙar tiransifa. Idan ta riga ta ɗaure, ka tsaya, ka ja da baya a miƙe 'yan mitoci kana tura liba a hankali, za ta saki. Kada ka dake ta.

Saboda haka a kan kwalta 2H ne. Wasu motoci, kamar Land Cruiser 80 da yawa, jan huɗunsu na dindindin ne, suna da difarenshal a tsakiya da ke ba gaba da baya damar bambanta. Su ba matsala a kwalta, muddin ba ka kulle na tsakiyar ba.

In tayoyin gaba suna da hob na hannu mai rubutun FREE da LOCK, ka juya duka biyu zuwa LOCK kafin ka shiga wurin da kake tsoro, tun ƙafarka tana kan busasshiyar ƙasa. Ɗaya a kulle ɗaya a sake, babu jan gaba ko kaɗan. Shiga 4H a motoci da yawa ana yinsa ana tafiya a hankali in hob a kulle suke. 4L kuwa sai ka tsaya cik, ka taka kuloci, ko ka sa N in otomatik ce. Wannan giya tana ninka ƙarfi kusan sau biyu ko fiye ta rage gudu, don hawan tudu mai tsauri, gangara, da jan kaya. Da ka dawo kwalta, ka koma 2H ka mayar da hob FREE, mai zai ragu, ƙara ma haka. Hob mai kulle kansa yana bukatar ka ja da baya kaɗan kafin ya saki.

Rashin amfani da shi ma ciwo ne. Littattafan Toyota na irin waɗannan motoci suna cewa a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 a jan huɗu kowane wata, don mai ya zagaye kayan gaba. Mutumin da ya shekara bai taɓa libar ba, ran da ya maƙale ne zai gano hob ya cije ko tiyon iskar da ke haɗa aksul ya tsage. Ka nemi hanyar ƙasa sau ɗaya a wata, ka sa 4H, ka gwada 4L na 'yan mitoci.

Giris, sitiyari, birki, taya

Ka sayi bindigar giris, za ta biya kuɗinta. Farfela tana da kan nonon giris a kowane kuros da kuma inda take zamewa ta tsawaita. Ka goge kan da tsumma kafin ka ɗora bindiga, in ba haka ba ƙasa kake turawa ciki. A kuros, ka buga har sabon giris ya leƙo ta kusurwoyi huɗu. A wurin zamewa kuwa bugu kaɗan ya isa, cika shi yana danna tiransifa. Ka yi haka a kowane juye, da bayan kowace shiga ruwa. Kafin ka fito, ka kama farfela da hannu biyu ka murɗa ka girgiza: ƙwas-ƙwas ko jar ƙura a bakin kuros alamar mutuwa ce.

Ka ɗaga tayar gaba, ka kama ta sama da ƙasa ka jijjiga. Motsi a nan boris ne ko bol-joyin. Ka kama ta dama da hagu, motsi a nan tayarod ne. A tsofaffin motocin nan boris na gaba ana wanke shi a sake cusa masa giris a ɗaure daidai, ba lallai sai an canza ba. In aksul na gaba ɗaya ne miƙaƙƙe, ka duba ƙwallon ƙarfen da ke bayan taya. Danshin giris kaɗan daidai ne, amma ruwa-ruwan baƙin abu yana gangarowa yana nufin sil na ciki ya saki, man aksul ya gauraye da giris. In na gaba mai zaman kansa ne, robobin shaft za ka duba, wadda ta yage a canza ta kafin ƙasa ta shiga. Sitiyari kuma, wasan da ya wuce santimita 3 zuwa 4 a bakinsa kafin taya ta motsa ya yi yawa.

A birki, kada ka tsaya a na gaba. Ka sa a cire gangar baya. Sau da yawa za a tarar sil na aksul ya jiƙa takalmin birki da man giya, motar tana tsayawa da gaba kawai. Ka bi bututun ƙarfe a jikin shasi ka nemi tsatsa, ka lanƙwasa tiyon roba ka nemi tsaga.

Tayoyi huɗu su zama girma ɗaya, iri ɗaya, cinsu kusan ɗaya, don bambanci yana wahalar da tiransifa. A gefen taya, bayan rubutun DOT, akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida a riƙa sa mata ido, ta shekara goma a sauke ta ko da zanenta bai cinye ba, har da safaya. Iska kuwa, ka bi takardar da ke jikin ƙofar direba, ka auna taya tana da sanyi. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. A juya su duk kilomita 10,000.

Wuta ba ta da dogon bayani. Batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6 inji a kashe, 13.8 zuwa 14.4 inji na aiki, sai dai in motarka mai volt 24 ce. Ka kwance wayoyin da ke haɗa batir da bodi da inji, ka goge su har ƙarfe ya fito. Matsalolin wuta da yawa a tsohuwar mota daga nan suke. Duk wayar da wani ya ƙara ba fis, a cire ta ko a sa mata.

To, ta dace da hawan kullum?

Amsar tana ga hanyarka da kayanka. In kana ɗaukar kaya, ko jan tirela, ko hanyarka tana da yashi da laka da ramuka, da wuya ka sami abin da ya fi ta. Kayanta a fili suke, bakanike yana gane ciwonta da kunne da hannu ba sai da kwamfuta ba, kuma ƙirar da aka yi da yawa, irin Hilux da ake ƙerawa tun 1968 ko Land Cruiser 70 da ta fito a 1984 kuma har yau ake yinta, kayan gyaranta ba sa wuyar samu.

In kuwa tafiyarka kilomita kaɗan ce a cikin gari, kai kaɗai, a cunkoso, gaskiya ƙaramar mota ta fi maka. Nauyi da tsayi da manyan tayoyi duk mai suke ci. Kada ka yi kirdado: ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka yi hawanka na yau da kullum, ka sake cikawa, ka raba kilomitar da litar da ta shiga. Ka maimaita sau uku, ka lissafa na wata. Gajeruwar tafiya kuma ba ta barin injin dizal ya kai zafinsa, sai danshi da baƙin hayaƙi su taru a mai. In haka rayuwarka take kuma kana son motar, ka ba ta doguwar tafiya sau ɗaya a mako.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyar jiki, kuma ba na so a yi wasa da shi. Yawancin waɗannan motoci ba su da jakar iska, ba ABS mai hana taya cijewa in an taka birki, ba na'urar da ke hana mota juyawa, wadda sai daga ƙirar 2012 ta zama dole a sababbin motoci a Amurka. Motar tana da tsayi, don haka kaucewar gaggawa tana iya kifar da ita. Bayanta ba nauyi in ba kaya, a jiƙaƙƙiyar kwalta yana saurin zamewa. Jan taya huɗu yana taimaka maka ka tashi, amma ba ya rage ko taku ɗaya daga nisan da birki ke bukata. Ka bar tazara mai yawa, ka rage gudu tun kafin kwana, ka ja bel ɗin kujera da ƙarfi ka ga yana cijewa, wanda ya zare a canza shi. Mai ɗaukar ƙananan yara kullum ya duba ko kujerun baya suna da bel mai ratsa kafaɗa kafin ya yanke shawara. Bayan akori kuwa na kaya ne.

Don hawan kullum, ka bar ta yadda aka ƙera ta. Ɗaga ta sama da sa mata manyan tayoyin laka suna ƙara shan mai da ƙara, suna tsawaita birki, suna cin boris da bol-joyin, kuma ma'aunin gudu ya daina faɗin gaskiya. Tayar da aka yi don kwalta da ƙasa duka ta wadatar. Kuɗin gara a sa shi a sababbin shokazoba da bushin, nan ne za ka ji motar ta canza.

Ka kuma duba dokar inda kake. Wasu birane suna cajin tsofaffin motoci saboda hayaƙi. A Landan, tun 2019, motar dizal da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba, ko ta fetur da ba ta kai Euro 4 ba, tana biyan kuɗi duk ranar da ta shiga yankin da aka keɓe. Sannan ka sa a ranka cewa motar da ta haura shekara ashirin za ta kwana a gareji wani lokaci, ko da kana kula da ita. Ka ware kuɗin gyara kowane wata, ka kuma tanadi yadda za ka je aiki a ranakun.

Sau ɗaya a mako, da safe kafin ka tayar, ka buɗe bonet ka ja sandar baƙin mai, ka duba ruwa da man birki, ka danna fanbel da yatsa, ka durƙusa ka kalli ƙasan da motar ta kwana a kai. Ɗigon da bai nan a makon jiya, ka bi shi sama ka ga daga ina yake. A bayan kujera ka ajiye fanbel, fis, tiyon lagireto, baƙin mai, ruwa, sifanu, tocila da igiyar ja mai ƙarfi, ka kuma gwada jak da sifanar taya a gida ka tabbatar suna aiki da tayoyin da ke kan motar yanzu. In injin mai turbo ne, bayan gudu ko hawan tudu ka bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin ka kashe.

A kan hanya kuwa, abu uku ba a cewa bari in ƙarasa. Fitilar baƙin mai in ta kama inji na aiki, ka kauce ka kashe nan take. Allurar zafi in ta wuce inda ta saba tsayawa, ka kashe na'urar sanyaya ɗaki, ka tsaya a wuri mai aminci, ka jira inji ya huce sarai kafin ka taɓa murfi. Birki in ya yi laushi ko ya fara nutsewa ƙasa, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka taimaka da birkin hannu a hankali har ta tsaya, sannan a zo a ɗauke ta.